Bayani a kan Wahalar da Mutum Ya Zaɓa da Wadda Ta Faɗa Masa

Bismillahi. Amma bayan haka, ka sani ya ɗan'uwana, wagga takarda a kan mas'ala guda take, wadda ta same ni bisa duwatsun ƙasar Yawuri cikin hunturun shekara ta 2018. Ita ce: mutumin da ya ɗora wa kansa wahala da nufinsa, shin ya halatta gare shi ya ce ya san wahalar wanda ta faɗa wa ba da nufinsa ba?

Mun fita Yelwa bayan sallar asuba, ni da wani dattijo daga cikin Gungawa, ina ce masa Baba. Guzurinmu gorar ruwa da ƙuliƙuli da sanda. Niyyata in yi yini guda ina tafiya da ƙafa, domin na ga jikina ya saba da mota, zuciyata kuwa ta saba da jin daɗi. Da hantsi munka isa Bin Yawuri, kamar kilomita 14 ke nan. Nan ne mazaunin sarakunan Yawuri na farko, kafin Sarki Abdullahi Abarshi shi mai da sarauta Yelwa a 1888, har yanzu kuwa ana ganin kufan ganuwa. Daga nan munka bar hanyar mota, munka bi turba zuwa wajen Ngaski, tudu bayan tudu, tsakuwa da marmara, kaɗanya nan, ɗorawa can, ƙura ta rufe sararin sama.

To, ga abin da ban faɗa wa Baba ba. Akwai kuɗin mota cikin aljihuna, na ƙulle su da kyau. Kuma duk tudun da munka hau, wani abu shina hawa tare da ni cikin ƙirji, shina ce mini: dube ka, tsaranka suna kwance, kai kana tafiya irin ta talakawa. Malamai suna kiran wannan ujubu, watau mutum shi yi mamakin kansa. Shina shigowa da tufafin ƙanƙan da kai, shi ya sa ba a gane shi da wuri.

Kusa da azahar gorarmu ta ƙare. Munka tarad da wata mace Bakambara ƙarƙashin kuka, ta sauke kayanta tana hutawa. Matan Kambari bisa kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba bisa kai ba, na kuwa ga kanta a wurin, baƙa, kamar tafin ƙafa. Na ce, "Sannu da aiki, Inna." Ta amsa, ta dubi takalmina, ta ce, "Baƙo, motarku ta lalace ne?" Baba ya ce mata a'a, Malam ne yake so shi ɗanɗana tafiya. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, babu ƙeta cikin dariyar. Sa'an nan ta zuba muna ruwa daga wanda ta ɗauko tun daga rafi, ta ɗaga kayanta ta wuce. Na so in ba ta kuɗi, Baba ya riƙe hannuna.

Fasali

Bisa wani dutse mai tsawo munka hangi ruwan Kainji ta yamma, fari fat, ba a ganin ƙarshensa. Baba ya zauna, ya miƙa sandarsa, ya ce, "Malam, ka ga can, inda babu kome? Nan anka binne cibiyata."

Ka sani an fara ginin madatsar Kainji bisa kogin Kwara a 1964, ruwa ya taru a 1968, ya ci tsibirai da gonakin fadama da tsohon garin Busa, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806 bayan ya wuce Yawuri. Mutane fiye da 40,000 anka tayar, anka gina musu gidajen siminti bisa tudu. Gungawa kuwa mutanen tsibiri ne, sunansu ma daga gungu yake, masu albasa da gero da kwalekwale. Baba shina yaro sa'an nan. Ya ce tafiyar da sunka yi daga gungunsu zuwa sabon gari ba ta kai rabin wadda munka yi yau ba, amma kakarsa ba ta gama ta ba har ta rasu, kullum da marece tana fuskantar ruwa.

Nan na gane inda bambancin yake. Da ina auna shi da tsawon hanya da zafin ƙafa. Ashe ƙofar komawa ce. Ni ina da ita cikin aljihu, duk sa'ad da na so sai in gangara bakin hanya in tsai da mota. Mai azumi shina jin yunwa ta gaskiya, amma ya san almuru shina zuwa, an kuwa dama masa kunu. Wanda rumbunsa ya ƙare cikin bazara, yunwa tasa da tsoro take tafe, tsoron nan kuwa ba ya samuwa ga mai azumi ko da ya nema. Haka nan ga tafiya. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga sunka shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Bin Yawuri, sunka kora ɗalibai cikin daji. Sun taka irin tsakuwar da na taka. Wa zai buɗe baki shi ce tafiyarmu ɗaya?

Kadan ka ce: ashe wahalar da anka zaɓa wasa ce, a bar ta. Sai in ce maka a'a. Tana da amfani, sai dai ba wanda nafsi take riya mata ba. Ba ta sanad da kai halin wani, halinka take sanad da kai. Ga shaida. Da la'asar bororo ya fashe mini a dunduniya, rana ta karkata, Baba kuwa ya rage sauri domin gwiwarsa. Sai na ji bakina ya ce, "Haba Baba, haka za mu kwana a daji?" Dattijon da ya bar gonarsa domin shi raka ni cikin abin da ba shi da buƙata gare shi! Bai ce kome ba, ya ƙara sauri shina ɗingishi. Shekara da shekaru ina zaton ni mai haƙuri ne, domin ban taɓa rasa inuwa ba. Yini guda ya ishe ni in ga iyakar haƙurin nan. Da ban fito ba, da har yau ina cikin zato.

Kadan ka ce kuma: to wanda wahala ta faɗa wa ba shi da abin yabo, tun da bai zaɓa ba. Sai in ce maka, an hana shi zaɓin kaya, amma ba a hana shi zaɓin yadda zai ɗauka ba. Matar nan ba ita ta ajiye rafi nesa da gidanta ba. Amma ita ta zaɓi ta zuba wa baƙo ruwan da kafaɗarta ta biya, baƙon da ta san da gangan ya jawo wa kansa ƙishirwa. Ni ban san ko zan yi haka ba, bayan abin da na ji daga bakina da la'asar.

Saura wuri guda da ban warware ba. Na tambayi kaina, da na bar kuɗin a gida, da mun daidaita? Ina ganin ba mu daidaita ba, gama gidan shina nan, kuma ni na bar su da hannuna. Amma ban yarda mutum shi fake da wannan shi ce, tun da ba ni iya sanin wahalarsu, babu ruwana da ita ba. Tsakanin da'awar sani da juya baya akwai wata turba ƙarama, ban iya siffanta ta da kyau ba tukuna.

Mun gangara bakin ruwa da almuru, wurin wani ƙauyen masunta, hayaƙin banda ya cika gari. Na roƙi Baba gafara, ya ce, "Ba kome, ɗana, gajiya ce ta yi magana." Ya nemo man kaɗe ya ba ni in shafa wa ƙafa, tasa gwiwar bai shafa ba. Da safe na kwance ƙullin aljihuna na biya muna mota zuwa Yelwa. Muna cikin tafiya na ga mata a gefen hanya sun jeru da kaya bisa kafaɗa, na duba ko tana cikinsu, ƙura ba ta bar ni na gane ba.

Tammat.