Ƙafa Za Ta Warke, Titi Na Jiranku

Ku da ke fitowa bayan sallar asuba kuna gudu a bakin titin Anka zuwa Daki Takwas, ko a hanyar Gummi da ta Bukkuyum, kafin ku wuce gona ko kasuwa ko ku hau babur ɗin kabu-kabu, da ku nake. Musamman wanda ciwo ya zaunar a cikinku, ko targaɗe ne, ko tsagewar ƙashi, ko agara da ta ƙi lafawa, har abokai suka fara cewa ai wane ya gama yayi. Wallahi bai gama ba.

Ku dubi Kenenisa Bekele na ƙasar Habasha. Ya ci zinariya a gasar Olamfik ta 2004, ya ci biyu a ta 2008, sannan a 2010 naman sha-raɓarsa ya yage. A gasar duniya ta 2011 kasa ƙarasa tseren mita 10,000 ya yi, ya fice ana kallo. Da ya koma gudun fanfalaki a kan titi ma wahalar ba ta sake shi ba. Ya fice a Dubai, ya fice a Balin a 2017, ya fice a Amsitadam a 2018 saura kaɗan a kai ƙarshe. Masu sharhi suka shafa masa fatiha. Sai ya tafi Holan ya zauna hannun masu jinya, ya rage ƙiba, ya sake gina ƙafar daga tushe. A watan Satumban 2019, yana da shekara 37, ya koma Balin ya cinye kilomita 42 da 'yan kai cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 41. Daƙiƙa biyu kacal ta raba shi da bajintar duniya ta wancan lokaci. Shekara tara ke nan tsakanin yagewar naman da wannan rana.

Za ku ce shi yana da likitoci da kuɗi, mu kuwa ƙafar gudun ita ce ƙafar neman abinci. Gaskiya ne, kuma shi ya sa lallaɓa ta ya fi zama wajibi a kanku. Abin da ya fi kashe mai gudu a wajenmu gaggawa ce. Maɗori ya kwance karan ɗori yau, jibi saurayi ya ɗaura takalmi don kada a ce ya yi sanyi, bayan mako guda ya dawo yana ɗingishi fiye da da. Ƙashin da ya tsage yana buƙatar mako shida zuwa takwas, wani lokaci fiye. Idan ciwon a wuri ɗaya yake a ƙwauri, kana dannawa da yatsa kana jin sa kamar tsinke, ka je asibiti a duba ka, a ɗauki hoto in da hali. Kada ka sha maganin kashe zafi don ka iya gudu, zai toshe maka bakin ƙafar ne tana ƙoƙarin gaya maka gaskiya.

Idan ka iya tafiyar rabin awa babu ɗingishi, to fara: gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, ka maimaita, gobe ka huta. Ka bi turbar ƙasa mai laushi kafin ka koma kwalta. Hawan keke yana riƙe maka ƙarfin numfashi ba tare da ya daki ƙashi ba. Ku fita a ƙungiya, gari ya waye sosai, kada ku yi nisa da gari, domin duk mun san halin da hanyoyinmu ke ciki.

Mutanen wannan yanki ba baƙin farfaɗowa ba ne. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega, gida-gida aka bi ana kankare ƙasar tsakar gida ana zuba sabuwa, yara na karɓar magani zagaye bayan zagaye. Waɗanda suka jure wannan ba su da dalilin jin kunyar fara gudun minti ɗaya.

Tun 2016 ake gudun fanfalaki na Legas, galibi a watan Fabrairu, akwai kuma tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo. 'Yan Filato ne suka fi suna a cikin 'yan Najeriya da ke shiga. Ina so in ji an kira ɗan Gummi ko ɗan Bukkuyum a cikinsu. Wanda ya fara lallaɓa ƙafarsa da damina, ya ƙara nisa da kaka bayan girbi, ya yi dogon gudu cikin sanyin hunturu, zai iya tsayawa a layin farawa a Legas da ƙafa lafiyayya.