SABUWAR SALULA KO TA BARA: INA IYAKAR BUƘATA, INA MAFARIN ALMUBAZZARANCI?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya raba arziki tsakanin bayinsa bisa hikimarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, wata tambaya ta iso gare mu a ƙarshen kakar da ta gabata daga wani matashi, ɗan kasuwar wake da dabbobi a nan Kornaka. Allah ya buɗa masa, har ya tara abin da zai sayi ɗaya daga cikin manyan salulolin nan masu tsada. Da ya je Maraɗi, sai mai shago ya ajiye masa guda biyu a gabansa, samfurin bana da samfurin da ya gabace shi. Kamfani ɗaya ne, siffa kusan ɗaya, amma tsakanin kuɗinsu akwai abin da zai ciyar da gida tsawon makonni. Sai ya dawo bai sayi ko ɗaya ba, ya tambaye mu: in na ɗauki sabuwar, na yi almubazzaranci? In kuma na ɗauki tsohuwar alhali ina da hali, na yi rowa? Mun ga ya dace mu amsa a wannan fili, domin tambayar ta shafi duk wanda kuɗi ya shiga hannunsa, salula kuwa misali ce kawai.

ABIN DA YA KAMATA A SANI TUKUNA

Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san haƙiƙarsa. Saboda haka bari mu fara da yadda wannan kasuwa take tafiya.

Kamfanin Apple na Amurka ya fitar da iPhone ta farko a 2007, kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu kuma ya fara jerin Galaxy S a 2010. Tun daga lokacin, kusan kowace shekara sai kowannensu ya fitar da sabon samfuri. Da zarar sabo ya fito, sai na bara ya faɗi. A watan Satumba na 2024, da aka fitar da iPhone 16 a kan dala 799 ta Amurka, sai aka mayar da iPhone 15 dala 699. Wannan dala 100 ta haura jika 50 a kuɗinmu na sefa. Mafi girman samfurin wannan shekarar kuwa ya fara ne daga dala 1,199, wato fiye da jika 600, tun ba a sa kuɗin kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Abin da ya bambanta na bana da na bara galibi shi ne ɗan ƙarin kyan hoto, da ɗan ƙarin sauri, da sabon launi. Wanda aikinsa kira ne, da saƙon murya ta WhatsApp, da aika hoton rago ga mai saye a Jibiya ko Kano, da wuya ya ji wannan bambanci a hannunsa.

Amma adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya gefen. Salula tana da ajali iri biyu. Na farko batiri ne: Apple da kansa ya bayyana cewa batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, zafin ƙasarmu kuwa yana gaggauta gajiyarsa. Na biyu shi ne gyare-gyaren manhaja da kamfani ke aikowa, waɗanda suke tsare salula daga ɓarayin intanet. Idan kamfani ya daina aiko su, sannu a hankali salula takan zama kango. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da iPhone 6. A 2024 Samsung ya yi alkawarin shekara 7 na irin waɗannan gyare-gyare ga Galaxy S24, alhali samfuran da suka gabace ta ba su sami wannan tsawon wa'adi ba. Ke nan akwai lokacin da sabuwa take fin tsohuwa araha, in an raba kuɗinta a kan shekarun da za ta yi aiki. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma su ne kuma suka ce araha ba ta ado.

MIZANIN SHARI'A

Musulunci bai haramta abu domin kyansa ko tsadarsa ba. A Suratul A'araf, aya ta 32, Allah Maɗaukakin Sarki ya yi inkari ga masu haramta ƙawar da ya fitar domin bayinsa. Imamu Muslim kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa wani mutum ya ji tsoron kada son tufafi mai kyau da takalmi mai kyau ya zama girman kai, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana masa cewa girman kai yana cikin ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane. Don haka duk wanda ya ga ɗan'uwansa da sabuwar salula ya yanke masa hukuncin fasiƙanci, to ya faɗi abin da Allah bai faɗa ba.

Sai dai ayar da ta gabaci wannan, ta 31, ita ce ta hana wuce iyaka a cikin ci da sha. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, an haɗa umurnin ba dangi da miskini da matafiyi haƙƙinsu da hanin watsa dukiya, aka kuma danganta masu watsa ta da shaiɗanu. A Suratul Furƙan, aya ta 67, an siffanta bayin Mai rahama da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. To ina wannan tsakiyar take? Shari'a ba ta ƙayyade ta da adadin jikkuna ba, domin abin da yake tsakiya ga attajirin Maraɗi ɓarna ne ga manomin da rumbunsa bai cika ba.

Imamu Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, ya yi bayani a littafinsa Al-Muwafaƙat cewa maslahohin ɗan Adam hawa uku ne: larura, da buƙata, da ƙawa. Ƙa'idar ita ce ba a rushe na sama domin a gina na ƙasa. A yau mallakar salula ta shiga sahun buƙata ga mafi yawan mutane. Tun da kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, wanda daga baya ya zama Zain, sannan Airtel a 2010, ita ce ta rage wa ɗan kasuwa wahalar tafiya neman farashi, ita ce ɗan ci-rani da ke Agadas ko Libiya yake jin muryar mahaifiyarsa da ita. Amma wannan buƙata, Tecno ko Itel mai sauƙin kuɗi tana biyan mafi yawanta. Tazarar da ke tsakanin babbar salula ta bana da ta bara kuwa, a mafi yawan lokuta ƙawa ce zalla. Ƙawa halal ce matuƙar ba ta hau kan larura ba.

TAMBAYOYI HUƊU

Saboda haka muka shawarci mai tambaya, muna kuma shawartar kowa, da ya tsaya a ƙofar shago ya tambayi kansa abu huɗu.

Na farko: daga ina kuɗin ya fito? Imamu Tirmizi ya ruwaito cewa ranar ƙiyama za a tambayi bawa game da dukiyarsa ta fuska biyu, inda ya samo ta da inda ya kashe ta. Mun ga waɗanda suka sayar da akuyar mahaifiyarsu, da waɗanda suka taɓa jarin da aka ba su amana, da waɗanda suka jinginar da gona. Wanda zai ci bashi domin bambancin launi da hoto, ya sayi rashin barci da kuɗinsa. Saye da biya sannu-sannu kuwa, jumhurun malamai sun halatta shi in an yanke farashi ɗaya tun wajen ƙulla ciniki. Idan aka ce duk watan da aka yi jinkiri za a ƙara kuɗi, wannan riba ce da Allah ya haramta.

Na biyu: wane haƙƙi ne ke jiran wannan kuɗi? An fitar da zakkar hatsi, wato ushirin abin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi? An cika rumbu da abin da zai kai gida har sabon gero ya nuna? Manyanmu ba su manta da yunwar 2005 ba, lokacin da aka cika cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Dakoro da Maraɗi, ba su kuma manta da ƙarancin 2010 ba. A wannan ƙasa tamu, tiyar geron da aka sayar da araha a kaka ita ce ake nema da tsada a kwanakin marka. Ciyar da iyali wajibi ne, haka tufatar da su, da maganinsu, da karatun yara. Wanda ya bar wajibi ya tafi ga ƙawa ya juya tsani, ƙafafunsa a sama.

Na uku: wane aiki za ta yi? Mai ɗaukar hoton buki da suna wanda da ita yake ci, ko malamin da ke naɗar karatu yana watsawa ga ɗalibai, kyan hoto da sauti a wurinsa kayan sana'a ne, kamar garma ga manomi. In irin wannan ya sayi sabuwa da niyyar riƙe ta shekara 5 ko 6, bai yi ɓarna ba. Wanda kuwa yake canjawa duk shekara domin kawai an ce wata ta fito, ya sani cewa ya shiga tseren da ba shi da ƙarshe, domin masu ƙera ta sun riga sun shirya wadda za ta tsufar da tasa.

Na huɗu, wanda ya fi nauyi: domin wa za a saya? Idan abin da zuciya ke hange shi ne lokacin da za a ajiye ta a kan tabarma a majalisa idanu su juyo, to cutar tana cikin zuciya tun kafin a shiga shago. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira umurnin duban wanda yake ƙasa da mu a abin duniya, domin kada mu raina ni'imar Allah. Tarihin ƙasar Hausa ma ya ishe mu wa'azi. Ƴan shekaru bayan fara jihadi a 1804, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar jama'a ya nufi gabas, har ya tsaya a Kano, saboda abin da ya gani na karkatar mutane zuwa ga tara dawaki da tufafi da muƙami. Dokin wancan zamani shi ne ya ƙanƙance ya shiga aljihu.

Muna ƙara jan kunne a nan. Mai tsohuwar salula ma bai tsira ba. Akwai mai riƙe ta domin a ce wane mai gudun duniya ne, akwai kuma mai hali da yake hana kansa da iyalinsa abin da zai sauƙaƙa masu rayuwa, yana kiran rowarsa tattali. Riya tana sanya tsumma kamar yadda take sanya shadda.

NASIHA GA MAI SAYE DA MAI SAYARWA

Wanda ya zaɓi samfurin baya, sau da yawa ta hannu zai samu, irin waɗanda ke shigowa daga Dubai ko ta kasuwar Farm Centre ta Kano. A nan wani alhaki yake tasowa. Bai halatta Musulmi ya sayi abin da ya san na sata ne, ko ya yi masa zato mai ƙarfi. Salular da aka kawo a kulle da asusun wani, babu kwali, babu takarda, da farashin da hankali ba zai ɗauka ba, alamarta a fili take. A duba lafiyar batiri, a tambaya ko an canja gilashi. A kuma sani cewa iPhone da aka yi domin kasuwar Amurka tun daga samfuri na 14, a 2022, ba ta da gurbin sa katin layi.

Ku kuma masu shago, ku ji tsoron Allah. Risalar Ibnu Abi Zaid Alƙairawani da muke karantawa a zaurukanmu ta bayyana haramcin algus da ɓoye aibi a cikin ciniki. Hadisin da Muslim ya ruwaito na mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasan busasshe ya hau kan duk wanda ya sa batirin jabu, ya mayar da salula cikin kwali, ya rantse sabuwa ce. Mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa.

AMSARMU

Ga abin da muka gaya wa mai tambaya. Babu zunubi a kan ko wacce ya ɗauka, tunda kuɗinsa halal ne kuma babu bashi a wuyansa. Amma da muka bi tambayoyin nan tare da shi, sai ya bayyana cewa babu aiki ɗaya a kasuwancinsa da ta bana za ta yi wanda ta bara za ta kasa, kuma ita ta baran tana da sauran shekaru na gyaran manhaja a gabanta. Ya bayyana kuma cewa akwai ƙanwarsa da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, rumbunsu kuwa ba zai kai su bazara ba. A irin wannan hali, mun ga abin da ya fi shi ne ya ɗauki ta bara, ya mayar da rarar ta zama gero tun yana da araha. Salular bana za ta zama ta bara nan da watanni kaɗan, ko ya saya ko bai saya ba. Buhun da ya shiga gidan marayu kuwa yana nan a rubuce inda babu abin da ke tsufa.

Wanda halinsa ya saɓa da wannan, amsarsa tana iya saɓawa, shi ya sa muka kawo mizani maimakon sunan samfuri. Kowa ya auna kansa da shi, ya tuna da ayar ƙarshe ta Suratut Takasur, wadda ta tabbatar da cewa za a yi tambaya a kan ni'ima.

Allah ya azurta mu da wadatar zuci, ya sa abin da ya ba mu ya tsaya a hannuwanmu kada ya shiga zukatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan magabatanmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.