Sayen Keken Hawan Dutse Alhali Dutsen Yana Nesa

Mas'alar da wannan fili zai duba a wannan mako ƙarama ce a ido, amma tana da nauyi a ma'auni. Ga yadda take. Wani ma'aikaci ne mazaunin birnin Kano, mai mata da 'ya'ya, ya tara 'yan kuɗinsa na halal, sai zuciyarsa ta kwaɗaitu da irin keken nan mai kaurin taya da giya barkatai, wanda aka ƙera musamman domin hawan duwatsu da gangarowa daga kansu. To, amma birnin Kano a shimfiɗe yake. Dala da Goron Dutse gidaje sun kewaye su. Ko duwatsun Rano sai an shiga mota kafin a kai gare su, balle manya irin na Shere da ke kusa da Jos, waɗanda tsayinsu ya haura mita 1,800, tafiyar kimanin kilomita 300 ce daga Kano. Shin ya saya, ko kuwa ya haƙura?

Mai karatu zai iya cewa wannan ai ba magana ce ta filin addini ba, magana ce ta kasuwa. Amma duk wanda ya yi tunani zai ga cewa tambayar ta wuce keke. Ita ce tambayar wanda ya sayi keken ɗinki bai da lokacin koyo, da wanda ya cika kabad da littattafai bai buɗe ko ɗaya ba, da wanda ya gina ɗakin baƙi alhali baƙo bai taɓa kwana a gidansa ba. Watau dai, shin mutum yana saye ne domin rayuwar da yake ciki, ko kuwa domin wata rayuwa da yake hange daga nesa?

Ya kamata a fara da sanin asalin abin, domin hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. Wannan keke an haife shi ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a ƙasar Amurka, cikin shekarun 1970. Waɗansu samari ne mazauna garuruwan da ke gindin tsaunin Tamalpais suka riƙa tsinto tsofaffin kekuna masu kaurin taya, ƙirar shekarun 1930 da 1940, suna gangarowa da su daga kan duwatsun da ke bayan gidajensu. A shekarar 1976 suka fara wata tsere kusa da garin Fairfax, a kan wata gangara da tsawonta ya ɗan haura kilomita 3, zurfinta kuwa kimanin mita 400. Saboda tsananin gangarar, man da ke cikin birki yakan ƙone, sai an sake cusa wani bayan an sauko, daga nan ne ma tseren ta samo sunanta na Repack. Da tsofaffin kekunan suka riƙa karyewa, sai ɗaya daga cikin samarin, Joe Breeze, ya ƙera sabo domin wannan aiki a shekarar 1977. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper zuwa kasuwa da yawa, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta.

Abin lura a cikin wannan tarihi shi ne jerin yadda abubuwa suka zo. Dutsen ne ya riga, sa'an nan hawa, sa'an nan keken. Samarin nan sun daɗe suna hawa da abin da ya sawwaƙa a hannunsu, sai da buƙata ta matsa musu suka nemi abin da ya fi shi. Mai tambayar nan kuwa yana son ya juya jerin: ya fara da keken, yana fatan hawa zai biyo baya, alhali dutsen ma bai gan shi ba tukuna.

Sa'an nan kowane sashe na keken an yi shi ne domin wani dalili. Tayarsa mai ƙuraje an yi ta don ta kama tsakuwa da laka, amma a kan kwalta tana jan ƙarfin mahayi, tana kuma saurin cinyewa. Sifirin da ke shanye gargada yana ƙara nauyi, yana kuma haɗiye wani kaso na ƙarfin ƙafa a duk taku. Mai tsada daga cikinsu birkinsa da mai yake aiki, yana son kulawar gwani da kayan aiki waɗanda ba kowane mai gyaran keke na bakin titi ke da su ba. Ko an jingine shi ba a hawa, zafin bazara yana busar da roba, ƙurar hunturu tana shiga sarƙa. Ajiyarsa ma ke nan tana da kuɗinta.

Daga nan sai a koma ga ma'aunin malamai. Babu saɓani a kan cewa asalin saye da sayarwa halal ne, haka nan motsa jiki da wasa mai tsabta, domin jiki amana ne, yana da hakki a kan mai shi. Saboda haka kada wani ya yi gaggawar haramta abin da ba a haramta ba. Amma halaccin abu a kan kansa daban, dacewarsa da wani mutum a wani hali kuma daban. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, watau 1111 Miladiyya, ya kasa maslahohin ɗan Adam kashi uku a littafinsa Almustasfa, daga baya Imamu Shaɗibi na Garnaɗa a ƙasar Andalus, wanda ya rasu a 790, watau 1388, ya faɗaɗa bayanin a cikin Almuwafaƙat. Kashi na farko larura, wadda rashinta ke rushe rayuwa. Na biyu buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci. Na uku ƙawa, wadda ke ƙara wa rayuwa kyau. Ƙa'idar da aka gina a kan wannan rabo ita ce, ba a tauye na sama domin a cika na ƙasa.

To, keke ɗaya yana iya faɗawa cikin kowane kashi gwargwadon mai hawansa. Ga manomin da ke kai amfanin gonarsa kasuwar ƙauye a kan tsohon Raleigh, keke ya kusa zama larura. Ga malamin makarantar da ke ratsa lunguna masu ramuka kowace safiya, buƙata ne. Ga wanda zai rataye shi a zaure yana jiran hutun ƙarshen shekara, ƙawa ne tsantsa. Ƙawa kuwa ba laifi ba ce, matuƙar dai ba a kan kuɗin makarantar yara, ko maganin mahaifiya, ko bashin wani bawan Allah aka ɗora ta ba.

Malaman lugga sun bambanta tsakanin kalmomi biyu na Larabci waɗanda Hausa kan haɗe su a wuri guda. Israfi shi ne wuce iyaka a cikin abin da ya dace a kashe wa dukiya. Tabziri, wanda daga gare shi aka samo kalmar almubazzaranci, shi ne zuba dukiya a inda bai dace a zuba ta ba tun farko. Asalin kalmar daga watsa iri ne, kamar wanda ya ɗebi hatsi ya watsa a kan fako. Wanda ke hawa kullum, amma ya sayi keken da ya fi ƙarfin aljihunsa, ana jiye masa tsoron na farko. Wanda ya sayi abin da ya san ba zai yi amfani da shi ba, ana jiye masa tsoron na biyu.

Matsalar dai ita ce, da wuya a sami mai saye da ya yarda cewa ba zai yi amfani da abin ba. Kowa a ranar ciniki yana ganin kansa jarumi. A nan ne ɗan Adam ke yaudarar kansa, kuma masana tattalin arziki sun auna wannan yaudara da alƙalami. A shekarar 2006 waɗansu masana biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun buga sakamakon binciken da suka yi a kan gidajen motsa jiki uku a Amurka. Sun tarar cewa masu biyan kuɗin wata na sama da dala 70 ba su zuwa fiye da sau huɗu da 'yan kai a wata, watau kowane zuwa yana tsaya musu sama da dala 17, alhali kuwa akwai tikitin da zuwa ɗaya ke kamawa dala 10 kacal. Sun biya ne domin mutumin da suke fatan zama. Wannan shi ne abin da malaman tarbiyya suka daɗe suna kira dogon buri. Bambancin niyya da buri kuwa a fili yake: niyya tana da rana da guzuri, buri kuwa ba shi da komai sai "wata rana".

Haka aka gani a shekarar 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da mutane a Turai da Amurka suka yi rububin sayen kekuna har shaguna suka ƙare. Da al'amura suka daidaita, sai kasuwar ta faɗi, zuwa 2023 'yan kasuwa suna ta karya farashi domin kaya sun yi musu kwantai. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mai tambaya yana iya yi wa kansa lissafi mai sauƙi. A ɗauka, a bisa misali, keken naira 600,000 ne, zai kuma yi shekara biyar. In sau huɗu a shekara zai sami zuwa Jos, hawa 20 ke nan, kowane hawa ya tashi a kan naira 30,000, ban da kuɗin mota da masauki, ban da kwanakin da za a raba shi da iyalinsa. In kuwa da shi zai riƙa zuwa aiki kwana 250 a shekara, hawa 1,250 ke nan, kowace rana naira 480. Keken bai canja ba, kuɗin bai canja ba. Abin da ya canja shi ne gaskiyar mai shi.

Akwai kuma wata fuska da ba kasafai ake dubawa ba. Kuɗin da aka ajiye, in sun kai nisabi suka kuma shekara, ana fitar musu da zakka, kashi ɗaya cikin arba'in, matalauci ya amfana. Kayan amfanin kai kuwa, irin su abin hawa da tufafi, babu zakka a kansu, kuma hikimar da ke cikin haka ita ce mai su yana buƙatarsu. To, ina matsayin kayan da aka saya da sunan amfani, sa'an nan aka jingine? Sun fita daga dukiyar da matalauci ke da rabo a ciki, ba su kuma shiga cikin wadda mai ita ke mora ba. Shari'a ba za ta tuhume shi da hana zakka ba, amma mai hankali zai ji nauyin ganin ni'ima tana tsatsa a zaurensa.

Adalci ne kuma a saurari ɗaya ɓangaren. Na farko, akwai mutanen da mallakar abu ke zaburar da su, har ɗabi'a ta kafu a kansa. Na biyu, ba a ce sai a kan dutse kaɗai keken ke da amfani ba. Hanyoyin unguwanni da na ƙauyuka masu ramuka da tsakuwa da burji suna son taya mai kauri da ƙarfe mai juriya, shi ya sa ake ganin masu sauƙin kuɗi daga cikinsu, sababbi da na gwanjo, a hannun 'yan makaranta da leburori. Na uku, wanda Allah ya yalwata wa, ya sauke hakkokin da ke wuyansa, ba a ƙuntata masa a cikin halal, domin ƙwauro ma abin zargi ne kamar ɓarna. Duk waɗannan hujjoji ne karɓaɓɓu. Sai dai ta farko tana buƙatar shaida daga tarihin mutumin kansa, ta biyu kuwa hujja ce ta sayen keke mai matsakaicin kuɗi, ba ta kai ga wanda aka ƙera domin gasa ba.

Saboda haka nasihar da ta dace da mai tambaya ita ce ya bi jerin da samarin Marin suka bi. Ya fara hawa da abin da ke kusa, ko na aro ne ko na gwanjo, ya zagaya bayan gari bayan sallar asuba har wata uku. Ya je dutsen sau ɗaya ko sau biyu, ya ari keke ko ya yi haya in ya samu, ya ɗanɗana wahalar hanya da ta hawa, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya duba zaurensa ya ƙirga abubuwan da ya taɓa saya da irin wannan zumuɗi, ya ga nawa ne ke aiki har yau. Ya shawarci maiɗakinsa, domin ita ta fi kowa sanin inda gidan ke yoyo. In bayan duk wannan sha'awar tana nan daram, babu bashi a kansa, babu hakkin da zai tauye, to ya saya daidai ƙarfinsa, ya gode wa Allah, ya kuma riƙa ara wa wanda ba shi da shi. In kuwa ya ga wata uku sun wuce bai fita ko sau biyar ba, to ya sami amsarsa a araha, kuɗinsa kuma suna aljihunsa.

Kowane baligi za a tambaye shi game da dukiyarsa ta fuska biyu, inda ya samo ta da inda ya kashe ta. Mutane da yawa suna kiyaye ta farko su manta da ta biyu. Wanda ya saba yi wa kansa hisabi a kan ƙaramin abu irin keke, zai sami sauƙin yin haka ranar da abin ya zama mota, ko gida, ko bikin 'ya. Allah ya ba da ikon bambance buƙata da buri, ya sanya albarka a cikin abin da ya hore, amin. Allah shi ne mafi sani.