Hujja da Gardama

Duk wanda ya taɓa zama a zauren muhawara ya san yadda akan tashi: wanda ya fi murya shi ke shan tafi. To, amma 'yan'uwa ɗalibai, shin wanda ya sha tafi shi ne ya kawo hujja?

A ilmin manɗiƙi, wanda Aristotle ya fara tsarawa a ƙasar Girka, hujja magana ce mai sassa biyu. Akwai muƙaddima, wato abin da aka shimfiɗa, akwai kuma natija, wato abin da aka ce shimfiɗar ta haifa. Saboda haka tambaya biyu ake yi wa kowace hujja: shin shimfiɗar gaskiya ce? Shin natijar daga gare ta ta fito?

Alal misali, wani ya ce, "Duk tsuntsu yana tashi sama, jimina tsuntsuwa ce, ashe jimina tana tashi." Ginin ya tafi daidai, sai dai harsashin ƙarya ne, don ba kowane tsuntsu ke tashi ba. Wani kuma ya ce, "In an yi ruwa ƙofar gida takan jiƙe, ga ta a jiƙe, ashe an yi ruwa." Nan shimfiɗar gaskiya ce, amma natijar ba dole ba ce, don watakila mai garuwa ne ya yi tuntuɓe.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a wurinmu. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), ya yi rubutu a kansa, har ya kare shi lokacin da Imamu Suyuɗi na Masar ya yi hani da karanta shi.

Ita gardama ba ruwanta da duk wannan. Mai gardama ya riga ya riƙe natijarsa, dalili yake nema ya jingina ta. Mai hujja kuwa ya yarda cewa in aka rushe shimfiɗarsa, zai saki natijar, ko da a bakin ƙanensa gyaran ya fito. Nan ne wuyar take, don sakin ra'ayi a gaban jama'a akwai ciwo.

Gobe mu ne alƙalai da malamai, kuma hukuncinmu zai hau kan mutane. Alƙalin da ya ga ƙasa a jiƙe ya rantse an yi ruwa, wata rana zai ɗaure marar laifi. Allah ya sa mu fi son gaskiya da tafi, amin.