Turmi Ɗaya Ne Ko Biyu?

'Yan'uwa, sa'anda yaranmu na Balan su ka komo hutu daga makaranta, wani lokaci mu kan ji suna cewa abin da ba ya awnuwa, babu shi. Kada mu yi saurin tsauta masu. Bari mu ji daga bakin wani gwanin awo.

Arthur Eddington, mutumin Ingila, malamin taurari ne a jami'ar Kambirij. Ran 29 ga Mayu 1919 yana tsibirin Firinsife, kudu da gaɓar tekun Nijeriya, yana jiran husufin rana. Da safe aka yi ruwa, gajimare ya rufe sama. Ya ɗauki hoto 16, biyu kaɗai su ka yi amfani, amma sun nuna hasken taurari yana karkata in ya bi ta kusa da rana, kamar yadda Einstein ya faɗa tun 1915.

A littafinsa na 1928 ya ce tebur biyu ya ke rubutu a kai. Mu da ba mu cika tebur ba, sai mu ce turmi. Na fari shi ne wanda matanmu su ke daka gero a ciki, mai nauyi, mai tauri. Na biyu turmin masana ne: kusan dukansa sarari ne, sai ƙwayoyin lantarki ƙanana ƙwarai suna kai da komowa, su ne ke tare taɓarya. Wanne ne na gaskiya?

Eddington bai ƙaryata awo ba, gama aikinsa ke nan. Amma ya lura awo lamba ya ke bayarwa, watau nauyi kaza, tsawo kaza, bai faɗi ko mene ne abin a kansa ba. Wanda kuwa ya ke karanta lambar, hankalinsa bai taɓa hawa sikeli ba. A kasuwar Gaya mudu ya kan nuna yawan dawa. Ko mai awo ya bubbuge gindin mudun da dare, wannan zancen amana ne, mai saye kuwa ya san da ita sarai ran da aka ci ta.

Mu masu wa'azi ma akwai namu kashedi. Eddington mai bi ne, na jama'ar Kwaka, duk da haka ya ƙi a kafa hujjar bangaskiya bisa ilimin ƙwayoyin nan, domin ilimin yana sākewa. Ya rasu a 1944. Wajen shekara 25 bayansa aka gane ƙwayar da a ke ce da ita furoton tana da waɗansu ƙanana a cikinta.