Rushewar Soba a Dandalin Wasa: Ƙarya ce ko Darasi?

Soba tsohon birni ne a gabar Shuɗin Nilu, kimanin kilomita 20 daga Khartum. Shi ne hedikwatar Alwa, daular Kiristocin Nuba. A ƙarni na 10 Ibn Sulaim al-Aswani ya ba da labarin majami'unsa da lambunansa da unguwar Musulmi da ke cikinsa. Ana danganta faɗuwarsa da wajen 1504, lokacin da daular Sannar ta kafu.

A bakin jama'a kuwa, wata tsohuwa ce mai suna Ajuba ta rushe shi: ta karɓi dukiyar auren 'yarta daga manyan gari da yawa, ta haɗa su faɗa har birnin ya watse. Wannan labari Khalid Abu al-Rus ya mayar wasan kwaikwayo, Kharab Soba, a shekarun 1930, bayan wasansa na Tajuj na 1933. Da baitocin Larabcin Sudan aka tsara waɗannan wasanni, kuma maza ne ke fitowa a matsayin mata.

Nan tambayar addini ta taso. Wanda ya hau dandali ya ce shi ne sarkin Soba, ya yi ƙarya ke nan? Masu haramtawa suna cewa e, su ƙara da hadisin da ya la'anci namiji mai kamanta kansa da mace, da saɓanin da ke kan kiɗa. Masu halattawa suna cewa ƙarya sai da yaudara, mai kallo kuwa ya san wasa ake yi, kamar yadda ba wanda ke ɗaukar yaro mai gemun auduga a tashe tsoho ne na gaske. Hujjar masu halattawa ta fi ƙarfi a kan kwaikwayon kansa. Batun shigar mata ne ya fi wuyar warwarewa.

Akwai kuma tambayar adalci. Masana tarihi suna ganin Alwa ta daɗe tana rauni kafin ta faɗi, don haka ɗora wa mace ɗaya laifin ya sauƙaƙa abin da ba shi da sauƙi.

Wasan dandali a Sudan ya sake samun ƙarfi da buɗe Gidan Wasa na Ƙasa a Omdurman a 1959, daga baya kuma bikin wasan kwaikwayo na al-Buƙ'a na Ali Mahdi. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa 'yan wasa da yawa zuwa wasu garuruwa da ƙasashe.