Katako da Nufin Kafinta

Falankin katako guda, mai faɗi da kauri, wanda aka yanko daga gangar itace ba a daidaita gefensa ba, yana ɗora wa mai son mayar da shi teburin rubutu wata tsohuwar tambaya ta falsafa: siffar abin da aka sassaƙa daga zuciyar masassaƙi kaɗai take fitowa, ko kayan aikin ma yana da ta cewa?

Aristotal, masanin Girka da ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce kowane abu yana da dalilai huɗu: abin da aka yi shi da shi, siffarsa, wanda ya yi shi, da amfanin da aka yi shi dominsa. A wajen tebur, su ne katako, tsari, kafinta da rubutu. Shi ya fifita siffa, amma ya kawo hujjar wani masani, Antifon, mai cewa da za a binne gadon katako ya tsiro, itace ne zai fito, ba gado ba. Wato siffar da hannu ya ɗora aro ce, halin itacen yana nan ƙarƙashinta.

Sabon shiga yakan tarar da gaskiyar wannan hujja tun kafin ya ji labarinta. Katako ba ya daina shan danshi da fitar da shi, ko an shafe shi da mai. Yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, kuma motsin ta faɗi yake yi, ta tsawo kuwa kusan babu. Kafintoci kan ƙiyasta wa kowane inci na kauri shekara guda ta bushewa a inuwa. Wanda ya yi gaggawa, ko ya ɗaure falankin da ƙafafu tamau, zai ga ya lanƙwashe ko ya tsage. Shi ya sa ake yin ramin sukuru da ɗan tsawo, domin katakon ya sami wurin motsawa, ake kuma shafe sama da ƙasa daidai wa daida.

George Nakashima, kafinta Ba'amurke ɗan asalin Japan da ya rasu a 1990, a kan wannan ya gina sana'arsa. Yakan bar gefen falanki yadda bishiya ta yi shi, tsaguwa kuwa ba ya ɓoye ta, sai ya riƙe ta da ɗan katako mai siffar malam-buɗe-littafi. Abin da wasu ke kira aibi, a wurinsa shi ke nuna inda teburin zai dosa.

A mahangar Musulunci, tambayar tana komawa ga bambancin halitta da sana'a. Allah ne ke samar da abu daga babu, ya sa masa halinsa. Ɗan Adam yana sarrafa abin da ya tarar ne, cikin iyakar da ba shi ya gindaya ba. Wannan bai rage wa aikin daraja ba, domin ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya kafinta ne.

Duk da haka, kuskure ne a ce katako ke yanke hukunci. Ba shi ke zaɓar fuskar da za ta kalli sama ba, ko gefen da zai fuskanci mai zama, ko tsayin da zai dace da gwiwar hannu, wanda yawanci yake kusan santimita 75. Waɗannan na kafinta ne, kuma shi za a tambaya idan teburin ya ƙi zaunuwa.